Idan aljani ne ya yi kisan, me ya sa aka wahalar da mu da bincike?

Sadiq Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙara na kawo. Na biya kuɗina na shiga guruf ɗin wani littafi da ake saki feji-feji, ba zan faɗi sunansa ba balle na marubuciyar. An tsinci gawar wani Alhaji a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, makulli a jikinta. Aka jero mana mutanen gidan: uwargida da ke jin haushin amarya, ɗan da aka hana jari, direban da aka kora, abokin kasuwancin da ake bin bashi. Har takarda na samu ina rubuta wanda ya ce yana ina bayan isha'i. Jiya aka saki fejin ƙarshe. Wai wata aljana ce da ya aura a mafarki tun yana saurayi, kishi ya kwashe ta ta shaƙe shi. Aljanar da ko inuwarta ba mu gani ba tun farkon littafin. Don Allah wannan adalci ne?

Maman Iman:
Hhhh Sadiq ka ci kai. Ni tun da na ga an ce ƙofa a kulle ta ciki na san mutanen ɓoye ne. Wa zai shiga ɗaki a kulle in ba su ba?

Sadiq Ɗan Fagge:
Ai Anti nan ne daɗin yake. Ƙofar a kulle ita ce tambayar da aka yi mini. Aikin marubuci ya nuna mini yadda ɗan Adam ya shiga ya fita, in riƙe baki in ce kai, ga shi a gabana ban gani ba. In aljani ne ai babu tambaya tun farko.

Malam Habu Ticha:
Wa alaikumus salam. Kukan Sadiq tsohon kuka ne. A 1929 wani limamin cocin Katolika a Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan littattafai, ya jera sharuɗɗa goma na labarin bincike. Na farko, dole mai laifin ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari. Na biyu, babu ruwan abin da ya fi ƙarfin ɗabi'a, wato babu aljani babu tsafi. Akwai kuma cewa kada a zo da gubar da duniya ba ta san ta ba, kada mai bincike ya gano gaskiya ta hanyar dace ko jikinsa ya ba shi kawai, duk alamar da ya gani ya nuna wa mai karatu. Na goman zai yi wa marubutanmu ciwo: kada a fito da tagwaye sai an shirya mu tun da wuri.

Ummu Haidar:
To in aka hana tagwaye ai rabin littattafan Hausa sun tafi 😂 Hassana ta mutu, ashe Hussaina ce aka binne.

Ustaz Kabiru:
Malam Habu, da girmamawa, wannan sharaɗi na biyu ba namu ba ne. Bature ya rubuta wa mutanen da a wurinsu aljani tatsuniya ne. Mu kuwa akwai sura guda sukutum a Alƙur'ani da sunansu, ta 72. Ba za ka ce wa marubucin Kano ya rubuta Kano da babu aljanu ba, alhali a unguwarsu ana ruƙiyya kowane mako. Wannan ma ƙarya ce ta wani fannin.

Amma kada a ɗauka ina bayan marubuciyar nan. Ita ta yi wa aljanun ma ƙarya. Marubutanmu sun mayar da aljani mai iya komai, masanin komai, ana kiransa duk lokacin da labari ya cije. Ku duba Suratu Saba'i aya ta 14. Annabi Sulaimanu (AS) ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta ci sandar ya faɗi. Ayar da kanta ta ce da sun san gaibu da ba su zauna cikin azabar ba. Sannan ga hadisi a Bukhari da Muslim, a rufe ƙofofi da dare a ambaci sunan Allah, domin shaiɗan ba ya buɗe ƙofar da aka rufe. To ka ga, da marubuciyar ta san wannan, ƙofar Alhaji a kulle ta zama tambaya har ga aljanar. Ya yi bisimilla da zai rufe? In ya saba yi, wa ya ɗauke masa hankali a daren? Wa ya buɗe taga?

Sadiq Ɗan Fagge:
Allah Ya saka da alheri Ustaz. Wallahi da haka aka rubuta da ban yi ƙorafi ba. A sa aljana, amma a gaya mini tun farko tana nan, ga abin da take iyawa, ga inda ƙarfinta ya tsaya. Sai in sa ta a takardata tare da direba.

Maman Iman:
Ku dai maza kun cika son lissafi. Ni in na gama aikin gida na kwantar da yara, ba jarrabawa na zo rubutawa ba. Tsigar jikina ta tashi, in ji tausayin amarya, mugu ya ga sakayya, shi ke nan kuɗina ya halatta. Kuma ba ni kaɗai ba ce, ku shiga guruf ɗin ku ga yadda mata ke ta sambarka.

Zee Marubuciya:
Tun ɗazu ina karantawa ina cije leɓe. Bari in yi magana a madadin masu rubutu, ko da yake ba ni ce mai littafin ba.

Kun san yadda muke aiki kuwa? A waya muke bugawa, da babban yatsa, wani lokacin jariri na bayanmu. Mutum ya turo ɗari biyar ɗinsa, daga ranar ya zama mai gida. Kwana ɗaya ba ki saki feji ba za ki tashi da saƙonni, Anti lafiya, Anti an ci kuɗinmu. To yaushe za ki zauna ki tsara wa ya kashe wa? Da yawa ana fara littafin ne marubuciya ba ta san mai kisan ba. Tana tafe tana duba sharhin masu karatu. Ranar da wata ta rubuta "wallahi direban nan ne", alhali shi kika nufa, sai gabanki ya faɗi, ki ce ba za a raina ni ba, ki sauya. Kin sauya sau biyu sau uku, duk mutanen gidan an wanke su, wa ya rage? Sai aljana.

Ba ina cewa daidai ba ne. Labarin soyayya yana jure wannan tafiyar, don ko ina aka karkata aure ne ko rabuwa. Labarin bincike ba ya jurewa. Shi daga ƙarshe ake fara saƙa shi a dawo farko. Amma wanda zai zauna ya gama littafi cif kafin ya saki, ranar da ya saki a ranar za a kwafe a watsa a guruf-guruf kyauta, jibi kuma ki ji wani yana karanta shi a YouTube ba da izininki ba. Sakin kaɗan-kaɗan shi ne kariyarmu.

Malam Habu Ticha:
Hajiya Zee, uzurinki karɓaɓɓe ne rabi. Sakin kaɗan-kaɗan ba sabon abu ba ne. Labarin Sherlock Holmes, mai binciken nan na littattafan Turawa, na karen nan na gidan Baskerville a mujalla aka riƙa sakinsa wata-wata daga 1901 zuwa 1902, mutane na jira. Bambancin shi ne mai rubutun ya san inda za shi. Kuma abin sha'awa, labarin kansa da rigar aljanu ya zo: duk yankin sun yarda wani karen jahannama ne ke bin zuri'ar gidan yana kashewa. Ƙarshe ashe kare ne na gaske, ƙato, wani magajin dukiya ya shafa masa sinadari mai ƙyalli a duhu. Ki gama tsara ƙarshenki a littafin rubutu ki ajiye, sai ki yi ta saki yadda kika ga dama. In wata ta canka daidai, ki bar ta. Ita ce za ta fi kowa tallata ki.

Ummu Haidar:
Malam ka fasa mana ƙwai fa, wasu ba su karanta ba.

Malam Habu Ticha:
Littafin ya haura shekara 120, 'yata. Wanda bai karanta ba zuwa yanzu ya yafe.

Issoufou na Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan da Faransanci muka taso a lakwal, abin da muka karanta daban ne da naku. Akwai wani marubuci ɗan Mali, Moussa Konaté, Allah Ya jiƙan shi ya rasu 2013. Ya ƙirƙiro wani kwamishinan 'yan sanda a Bamako, Habib. A wani littahin an tura shi ƙasar Dogon inda samari ke mutuwa, mutanen gari sun ce hushin kakanni ne da abin da masu duba suka gani. A wani kuma masunta 'yan Bozo ne a bakin kogin Neja, sun ce ruhin ruwa ne ya ɗauki shugabansu. Abin da ya burge ni, marubucin bai yi wa mutanen dariya ba. Kwamishinan ya yi karatun Turawa, ya zo da tunanin komisariya, sai ya tarar ba wanda zai ba shi amsa in bai zauna gaban tsofaffi ya cire takalmi ba. Yana neman hannun mutum cikin kisan, su kuma suna da tasu gaskiyar, littahin ya riƙe duka biyun har ƙarshe. Wanga shi ne abin da nike son gani da Hausa. Muna da kayan aikin, wa ya kai mu?

Ɗan Baba Mai Shayi:
Ni duk wannan dogon Turanci ne. A ba ni James Hadley Chase kawai. Zamaninmu a Sabon Gari ake sayen tsofaffinsa, bango ya yage, a ba ka aro na kwana ɗaya. Babu ruwansa da wa ya yi kisa, tun a babi na biyu ka san ɓarawon, kana tare da shi ma. Abin da ke hana ka barci shi ne zai tsira ko ba zai tsira ba. Kuma ba ya tsira.

Malam Habu Ticha:
Ka kawo wani reshe daban, kuma gara da ka kawo, don ana cakuɗa su. Na Sadiq tambayarsa "wa ya aikata?", yana kallon baya. Naka tambayarsa "me zai faru?", yana kallon gaba. Shi wannan na biyun ya fi dacewa da sakin feji-feji, don kowane feji za ka iya yanke shi a inda numfashi ya tsaya. Chase ɗin nan kuwa mutumin Landan ne, yawancin labaransa a Amurka suke faruwa, amma da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya rubuta su. Mu ma muna da namu tun tuni. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina duk a 1982 suka fito, ɗaya ƙungiyar 'yan ta'adda da miyagun ƙwayoyi, ɗaya fasa-ƙwauri da cin hanci. Yaran yanzu sun ɗauka da WhatsApp aka fara.

Hajiya Turai:
Ni kam na daina karanta na tashin hankali. Da ina so. Amma yanzu kowane littafi ka buɗe an sace 'yar Alhaji an kai ta daji, sai shugaban 'yan bindigar ya zama kyakkyawa mai dogon hanci, ya kamu da sonta. Mu da muke da 'yan uwa a ƙauyukan da ake tara kuɗin fansa da sayar da gona, wannan ba nishaɗi ba ne. Wanda ya taɓa zama kusa da wayar da ake jira ta yi ƙara ba zai rubuta haka ba.

Zee Marubuciya:
Wannan gaskiya ne Hajiya, ba ni da abin cewa a kai. Allah Ya kawo mana ƙarshen abin.

Barista A.:
Amin. Bari in shigo ta ɓangarena, don ni abin da ke sa in ajiye littafi ba aljani ba ne, kotu ce. Za ka ga an kama mutum ranar Litinin, Laraba alƙalin majistare ya yanke masa hukuncin rataya, lauya na ta ihu yana nuna shi da yatsa kamar a fim ɗin Indiya. Majistare ba ta da hurumin shari'ar kisa. Abin da ke faruwa, DPO zai tura fayil sashen binciken manyan laifuka na jiha, a kai wanda ake zargi gaban majistare a tsare shi a gidan gyaran hali, a jira shawarar lauyoyin Ma'aikatar Shari'a, sannan a shigar da ƙara Babbar Kotu ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code, wato kundin dokokin hukunta laifuka. Wannan jiran kaɗai yana iya cin watanni, wani lokaci shekaru. Marubuci mai wayo a cikin jiran nan zai gina labarinsa: ga marar laifi a tsare, ga ƙanwarsa a waje tana neman gaskiya kafin shaidu su watse.

Game da aljana kuwa, ba a gurfanar da ita. In mutum ya ce ba shi ba ne, aljanunsa ne suka hau shi ya yi kisan, abin da kotu za ta duba shi ne hankalinsa a lokacin, sashe na 51, a kira likitan ƙwaƙwalwa. Ga labari nan mai zafi wanda ban ga an rubuta da kyau ba.

Sai kuma hanyar da aka fi warware mana ƙulli: muguwar ta haukace, ta fito tsakar gida ba ɗankwali tana tona wa kanta asiri. Ko a gadon asibiti tana neman gafara. To mai binciken me ya yi kenan? Ya sha mai a mota kawai.

Maman Iman:
Barista ai hakkin rai ne, ba ya barin mutum. Yana faruwa a gaske.

Barista A.:
Yana faruwa Hajiya, amma da shi muke jira da ba a gama shari'a ko ɗaya ba.

Sista Rabi:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma ina ganin akwai abin da duk ba ku taɓo ba. Littattafan Turawa a kan gawa suke tsayuwa. Likita ya buɗe, ya ce ƙarfe kaza ya mutu, ga abin da ya ci. Mu kuwa wanda ya rasu da asuba kafin azahar an kai shi makwancinsa. Ko an kawo shi asibiti, ka ambaci binciken gawa dangi za su ce a'a, mun bar wa Allah, a ba mu shi mu yi masa sutura. To marubucin da ya kwafo salon can, ya sa ana ɗaukar zanen yatsa a kofin shayi a cikin lungun Yakasai, ni dariya yake ba ni.

Amma akwai mutum ɗaya da ke ganin gawa tun daga kai har ƙafa: mai wanka. A ce tsohuwa ce a unguwa, duk macen da ta rasu ita ake kira. Ta wanke gawa ta fi a ƙirga, ta san yadda jiki ke sanƙarewa, ta san da zafin bazara ya fi saurin yi. An ce mata amarya ta rasu yanzun nan da hantsi, ta taɓa ta ji jikin ya riga ya ƙage har ƙafa, wanda ba ya faruwa cikin awa ɗaya. Ko ta ga shatin yatsu a wuya ƙarƙashin mayafi. Ko ta ji warin fiya-fiya, ga kumfa a gefen baki, ta ɗaga fatar ido ta ga ƙwayar ta tsuke ƙanƙanuwa, alhali an ce ciwon zuciya ne. Tana da minti kaɗan, a waje maza sun daidaita sahu suna cewa a yi sauri rana na yi. Ba ta da kaki, ba ta da waya mai hoto, kuma uwar mijin na tsaye a kanta tana miƙa mata buta.

Sadiq Ɗan Fagge:
Sista!!! Tsigar jikina ta tashi. Ina ake biyan kuɗin wannan?

Ustaz Kabiru:
Kuma ga ƙulli na biyu a ciki. An so mai wanka ya zama amintacce, ya rufa asirin abin da ya gani na aibi a jikin mamaci, haka malamai suka karantar. Tsohuwar nan duk rayuwarta a kan wannan amanar take, shi ya sa ake kiranta. A ɗaya gefen kuma ga ƙarshen Baƙara, aya ta 283, kada ku ɓoye shaida. Suturta aibin mamaci daban, rufe zaluncin da aka yi masa daban, amma ita za ta kwana tana juyi kafin ta rarrabe. In ta yi magana ba gidan da zai sake kiranta.

Ummu Haidar:
Ni kuma dillaliya nake so a sa mata a matsayin mataimakiya. Babu ɗakin da ba ta shiga, ta san wadda ta sayar da sarƙarta a ɓoye da ranar da ta sayar.

Issoufou na Maraɗi:
To kun gani. Kuma cikin gidan za a ce aljanun amarya ne suka kashe ta, tunda an san tana faɗuwa. Mai karatu ya rasa wa zai gaskata.

Auwal Rijiyar Lemo:
Ni fa an bar ni a baya. Ni na aljanun nake so tsantsa, ba na bincike ba, amma a cikin gari. Na gaji da birnin Sin da sarakunan da ba a san ƙasarsu ba da takobi mai tsawon zira'i arba'in. Kowane ɗan adaidaita a Kano yana da labarin matar da ya ɗauka da daddare wajen maƙabarta, ta biya shi da sabbin kuɗi, da safe ya ga ganye. Ga Dala a tsakiyar gari da tarihin Barbushe da Tsumburbura. Ga 'yan bori da birninsu na Jangare, kowane iska da sunansa da gidansa da kalar zanensa da abin da yake ci. Tsari ne cikakke, da sarki da fadawa da dangantaka. A ce an rushe wata tsohuwar kuka za a gina plaza, mazauna cikinta suka rasa gida suka bazu cikin Kantin Kwari suna neman haya. Wa ya rubuta wannan?

Ustaz Kabiru:
Auwal a yi hattara da ɓangaren borin nan. Bayar da labari daban, koyar da kiran iska da kirarinsu daban. Kada a wayi gari littafi ya zama jagorar girka.

Auwal Rijiyar Lemo:
Na ji Ustaz, amma Ruwan Bagaja tun gasar 1933 akwai aljanu a ciki kuma a makaranta aka koya mana shi. Ba wanda ya bar salla saboda shi.

Ustaz Kabiru:
Wancan ba kirarin iskoki ya jera ba. Ka kawo naka mu gani tukuna, sai mu yi magana a kan abin da ke rubuce.

Maman Iman:
Ni dai duk wanda zai rubuta, a sa soyayya ko kaɗan ce. Tsohuwar mai wankan nan ba ta da jika budurwa?

Zee Marubuciya:
Kin ji ko Sista Rabi? Tun ba a fara ba an fara. Ki duba inbox, na turo miki tambayoyi a kan sanƙarewar nan, awa nawa take ɗauka kafin ta saki. Barista kai ma zan dame ka. Amma Sadiq ba zan sa ka a guruf ɗin ba sai na kai rabi, kai da takardarka.

Admin:
Jama'a an kusa kiran magariba. Masu tura tallan atamfa a tsakiyar muhawara, wannan ne gargaɗi na ƙarshe. Issoufou, wani ya tambaya ta bayan fage ko littattafan ɗan Malin nan akwai fassararsu da Turanci, in ka sani ka amsa masa.